Ba a Waiwaye, Ba a Godiya

A Kotli Mehran da ƙauyukan da ke zagaye da ita, duk wanda cuk ya kama ƙofa ɗaya ya sani, ƙofar Ilam Din. Cuk kuwa, wato riƙewar baya, ba ya sallama. Mutum ne zai sunkuya ya ɗauki damin alkama, ko ya miƙa hannu zai jawo igiyar ɓaunar gida da suke kiwo, sai ya ji wani abu ya ce ƙas a gadon bayansa. Shi ke nan. Nan zai sandare a lanƙwashe kamar lauje, ga ƙato da gashin baki har kunne amma yana kiran uwarsa. Maganin abin kuma kowa ya san shi tun kaka da kakanni: shurin mutumin da ya zo duniya da ƙafa. Ilam Din kuwa da ƙafa aka ce ya zo, shi ya sa ko liman ba ya kiransa da sunan yanka, sai dai Putha, wato wanda ya zo a juye.

Aikin ba shi da tsawo. Mai ciwo zai tsaya a dokin ƙofa ya riƙe katakon gefe da gefe, fuskarsa na kallon waje. Ilam Din zai zo ta bayansa, ya tuɓe takalmin hagu, ya yi bisimilla da ƙarfi yadda maƙwabta za su ji, ya ɗora masa tafin ƙafa a inda ciwon yake, ya danna, sannan ya sakar masa shuri. Sharaɗi biyu ne kawai, kuma ko yaron goye a garin ya haddace su: ba a waiwaye, ba a godiya. Wanda ya waiwaya ya ga ƙafar, ko bakinsa ya suɓuce ya ce na gode, to cuk zai dawo, kuma wannan karon da kayansa zai zo. Saboda haka mutum sai ya saki katako ya kama hanya, gum da bakinsa. Daga baya ne za a ga curin mazarƙwaila ko ƙwaryar alkama a zaure, ba wanda ya ce daga ina.

Tun bai iya tafiya ba ubansa ke riƙe 'yar ƙafarsa yana dangwala ta a bayan manoma. Yanzu ya haura hamsin, kuma wannan ƙafa ita ce gonarsa, ita ce rawaninsa. Saboda ita ake shimfiɗa masa gadon igiya a gaban rumfar biki. Saboda ita ake miƙa masa bakin tukunyar taba kafin kowa, ake kiransa sulhu in an yi rikicin ruwan rafi. Shi ma ya san darajarta, kai, har ya wuce gona da iri. Ba ya yarda kare ya shinshina ta, ba ya taka danshi da ita, kuma kowace safiya sai an zauna an shafe ta da mai har tsakanin yatsu.

Mai shafa man ita ce Resham, 'yar tagwaicinsa, wadda ta biyo bayansa a ranar da aka haife su. Ta yi aure, mijin ya rasu ba ta haihu ba, ta dawo gida da akwatinta, ta kama tatsar ɓauna da gasa gurasa da manna kashin shanu a bango. Mace ce marar magana. Abu ɗaya aka san ta da shi a garin, tuntuɓe. Fika wanzami, wanda bakinsa ya fi askarsa kaifi, yakan ce Allah da Ya raba ƙafafu a cikin uwarsu Bebe Karmo, sai Ya ba ɗan mai albarka, Ya ba 'yar ta makauniyar ɓauna. A yi dariya, Ilam Din ya fi kowa darawa.

Shi kansa ya sha tuntuɓen nan. Wanzami dai ba ya son jarfa, kuma ba wanda ya taɓa shurin bayan kansa, don haka duk lokacin da cuk ya kama Ilam Din sai ya rufe ƙofar gida ya ce zazzaɓi ne, ya kwanta ruf da ciki a tsakar gida yana nishi. Ga tsakar gida fili fetal, amma sai Resham ta ɗauko tukunyar madara ta rasa ta inda za ta bi sai ta kansa. A bara ma haka ta yi, ta zabga masa ƙafa a ƙugu har madarar ta zube masa a wuya. Ya zage ta tas, ya rarumi takalmi ya jefe ta, ya same ta a goshi, har yau tabon na nan. Washegari ya miƙe garau, ya fita majalisa yana ba da labarin yadda albarkar ƙafarsa ke hawowa ta ciki ta gyara masa baya ba sai an taɓa shi ba.

Ana tsakiyar yankan alkama abin ya faru. Bebe Karmo, tsohuwar da ba ta san zama ba, ta sunkuya za ta kwance ɗan maraƙi, sai aka ji ihu. Da kyar Resham da matan maƙwabta suka cicciɓe ta zuwa ɗaki suka kwantar. Ilam Din yana zaure ya ji, ya shigo da sauri, tun a hanya ya yar da takalmin hagu.

Ya ce, "Bebe, kada ki damu. Ku ɗago ta ku kawo ta bakin ƙofa."

Tsohuwa ta buɗe ido ɗaya ta dubi ƙafar, ta ce, "Mai da takalminka, Ilme."

"Me kika ce, Bebe?"

"Na ce mai da takalminka. Ɗa ba ya shurin uwa."

Matan suka gyaɗa kai, wata ma har da share ƙwalla, suna cewa ka ji uwa ta gari, tana gudun kada ɗanta ya ɗauki zunubi. Ilam Din ma haka ya ɗauka. Bai yi mamaki ba, don marigayi ubansa ma har ya koma ga Allah bai taɓa yarda ya taka masa baya ba, ya ce ɗa ba ya shurin uba. Sai ya saɓa mayafi ya tafi wajen liman ya kai tambaya. Liman ya shafa gemu ya ce shurin magani daban, shurin raini daban, in niyya ta yi kyau lada ma zai samu. Ilam Din ya dawo da fatawarsa yana murna.

Bebe ta ce, "Ka ce da liman ya je ya shuri tasa uwar."

Wasa wasa kwanaki suka fara tafiya. Tsohuwa na kwance, ko juyi ba ta iyawa sai an juya ta, salla ma da ido take yi. An shafa mai, an ɗora bulo mai zafi a nannaɗe da tsumma, an ba ta madara da kurkum, duk a banza. Ilam Din ya yi lallashi, ya yi fushi, ya kama ƙafafunta yana roƙo, ita dai maganarta ɗaya ce, mai da takalminka. Abin da ya fi ci masa rai shi ne a ƙofar waje aiki bai tsaya ba. Kullum sai ya shuri bayan manomi ko direban tarakta, alhali nishin uwarsa na fitowa ta taga kowa na ji.

Gari kuwa ba ya rasa baki. Da farko yabon tsohuwa ake yi, daga baya sai magana ta fara canza launi. Ranar da Ilam Din ya je aski, Fika ya shafa masa kumfa har kunne, ya ɗora aska a maƙogwaronsa yadda ba shi da damar tashi, sannan ya haɗa masa da "ji" ɗin girmamawa ya ce, "Putha ji, ni dai ban ce komai ba. Amma in ka ga mai tuya ta ƙi ɗanɗana abin da take soyawa, ai sai masu saye su fara leƙa kaskon."

Masu jiran layi suka ƙunshe dariya. Ilam Din ya haɗiye yawu a ƙarƙashin aska, maganar ta shige shi har ƙashi.

Ana cikin haka Shafkat ya iso. Ɗan Ilam Din ne na fari, magidanci, yana aiki a masana'antar fanka a Gujrat. Bai zo shi kaɗai ba, da motar haya ya zo, an kwantar da kujerar baya an shimfiɗa bargo. Motar ta tsaya daidai ƙofar da rabin ƙasar ke zuwa neman lafiyar baya, da hantsi, lokacin da mata ke dawowa daga kai abinci gona.

Ya gaida ubansa da ladabi, ya ce, "Abba ji, na zo in tafi da Bebe. Akwai wani mai gyaran ƙashi a birni, karatun abin ya yi shekara da shekaru. Ba ya yanka, ba ya allura. Hannu kawai yake sawa ya bi baya gaɓa gaɓa, ya miƙar da wuya, ya saki jijiyar da ta ɗaure. Ni da idona na ga wanda aka shigar da shi ranga-ranga ya fito da ƙafarsa."

Ilam Din ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. "Kai Shafkat! A fito da uwata ta wannan ƙofar, a kan idon Kotli Mehran, a kai wa wani ƙato ya lallatsa ta? Ni na mutu ne?"

"Allah Ya ja kwana, Abba ji. Amma ta ƙi yarda da kai, kuma kullum ƙara rama take yi. Tsohuwa in ta daɗe a kwance ba ta tashi. Sunanka kake so ko ranta?"

"Da wannan ƙafar aka saya maka littafi, marar kunya! Da ita aka yi maka aure!"

"Na sani. Ban raina ta ba. Amma direba yana jira."

Kafin ka ce kwabo titi ya cika. Masu lauje sun baro gona, yara sun hau katanga, Fika ya rufe shago ya zo da tawul a kafaɗa ya samu wuri mai kyau. Ilam Din ya dubi fuskokin nan, mutanen da babu ɗaya a cikinsu da bai taɓa riƙe katakon ƙofarsa ba, ya san abin da suke jira. In aka ɗauko Bebe aka wuce da ita ta gabansa aka sa a mota, to daga yau shi ba Putha ba ne, tsoho ne kawai mai takalmi ɗaya a hannu.

Ya ɗaga murya yadda na kan katanga za su ji, ya ce, "Ka ce da direbanka ya kashe mota ya sha shayi. Yanzu Bebe za ta fito da ƙafarta ta sallame shi."

Ya tuɓe takalmin hagu ya shiga ɗakin tsohuwa, ya kori matan da ke zaune, ya saki labule ya turo ƙofa. Resham kaɗai ta rage, tana durƙushe tana yi wa uwar fifita.

Ya ce, "Reshme, kama mini ita. Yau ko tana so ko ba ta so."

Resham ba ta motsa ba. Ta ce a hankali, da sunan da take kiran yayanta, "Pa ji, ka bari."

"Ke ma kin samu bakin magana? Tashi ki kama ta, makauniyar ɓauna, kafin in ƙara miki wani tabon!"

Ya sunkuya da kansa ya zura hannu ƙarƙashin kafaɗar uwar. Tsohuwa ta ƙwalla ƙara, ta damƙi gaban rigarsa da ƙarfin da bai san tana da shi ba, ta jawo fuskarsa dab da tata.

Ta ce, "Ilme, ka matsa mini. Na so in tafi kabari da maganar nan, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kai da ka ka zo."

Bai gane ba. Ya ce, "Da me?"

"Da ka! Da ƙaton kan nan naka, kamar kowane ɗan Adam. Sululu ka faɗo, ko ungozoma ba ta gama wanke hannu ba. Wannan ce ta zo da ƙafa." Ta nuna Resham da haɓa. "Wannan ce ta kusa kashe ni. Tun hantsi har la'asar ana jan ta, ƙafa a waje kai a ciki, har an fara yi mini kalmar shahada."

Ilam Din ya saki kafaɗarta. Ya yi 'yar dariya, irin ta wanda bai san ya yi ba, ya dubi Resham don ta taya shi cewa zafin ciwo ne ya taɓa kan tsohuwa. Resham ta sunkuyar da kai tana kallon mafici.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Ilam Din ya zame ya zauna daɓas a ƙasa.

"Bebe, ki ji tsoron Allah."

"Shi nake ji, shi ya sa ban yarda ka taɓa ni ba. Ubanka ne. Da ungozoma ta fita ta gaya masa, sai ya dafe kai. Ya ce in gari ya ji, tun tana zanen goyo ƙatti za su yi layi a ƙofarsa, har ta girma tana ɗaga ƙafa a kan bayan mazan mutane, wa zai aure ta? Ya ce baiwa ai ta gida ce, duk ciki ɗaya suka kwanta, a ce namijin ne. Aka ba ungozoma turmin yadi ta kama bakinta har ta mutu."

"Abba ya ce ɗa ba ya shurin uba..."

"Uhm! In bayansa ya riƙe, ba aikenka yake yi kasuwa ba? Kana fita zai rufe ƙofa ya kira Reshme."

Ilam Din ya tuna aiken, wallahi ya tuna, har da alewar da ake cewa ya saya da canji. Ya dubi ƙafarsa ta hagu tana ƙyallin man da aka shafa mata da safe, ga kaushi a dunduniya, ga farcen babban yatsa da ya lanƙwashe. Ƙafa ce kawai, irin ta Fika, irin ta kowa.

Ya ce, "To mutanen fa? Duk waɗanda na shura suka miƙe? Shekara nawa, Bebe? Su fa?"

"Ni na sani? Allah ke warkarwa. Wataƙila cuk in ya gaji da mutum tafiyarsa yake yi, wataƙila tsoron shurin ne ke miƙar da su. Bayan mutane daban, bayana daban. Ni ba zan yi caca da nawa ba."

"To me ya hana ki kira ta tun ranar farko?"

"Ta ina? Kana tsugune a bakin ƙofa kamar mai gadi, mata cike da ɗaki dare da rana. Kuma ita ta ƙi. Na ce ta yi irin wanda take yi maka, ta ce ni a kan gado nake, ba wanda ke tuntuɓe da abin da ke kan gado, za a gane."

"Irin wanda take yi mini?"

Idonsa ya sauka a kan goshin Resham, a kan ɗan farin tabon nan da ke saman girarta ta dama, sai tsakar gida ta dawo masa, fili fetal, da tukunyar madara, da ƙafa a ƙugunsa daidai inda ciwon yake, ba sama ba ba ƙasa ba. Ba bara kaɗai ba. Da shekarar da aka yi ambaliya, da lokacin bikin Shafkat, da can baya tun suna samari. Kowane karo sai ya zage ta, kowane karo kuma sai ya tashi. Kunya ta rufe shi, irin wadda mutum ke fatan ƙasa ta tsage.

Ya ce, "Tun yaushe kika sani?"

Resham ta ce, "Tun ina 'yar shekara bakwai."

"Kika zauna kina shafa mini mai?"

"Ƙafarka tana tsagewa in ba a shafa ba, Pa ji."

A waje direba ya danna ƙaho. Aka ji muryar Fika yana cewa ko dai ƙafar ce ita ma cuk ya kama. Dariya ta tashi.

Bebe ta ce, "To kun ji. Ko ku ɗaga ni, ko ku bar yaron nan ya kai ni birni, ni duk ɗaya ne a wurina, na gaji da kwanciya. Amma in za a yi, Ilme, kai ka yi bisimillar, muryarka suka sani."

Ya tashi kamar wanda aka zare wa laka. Su biyu suka ɗago ta tana salati tana tsine wa ɗan maraƙin da uwarsa. Suka kai ta dokin ƙofa suka buɗe ƙyaure, ta riƙe katako gam, labule a gabanta ya raba su da tsakar gida. Ilam Din ya koma gefe ya jingina da bango, don a karo na farko a rayuwarsa bai san inda zai tsaya ba. Resham ta tuɓe silifas ɗinta na hagu. Ƙafar ƙarama ce, baƙa, duk ta faffashe, da busasshen kashin shanu a gefen yatsa.

Ta dube shi, tana jira.

Ya ce, "Bismillahi," can ƙasa-ƙasa. Ya yi gyaran murya ya sake faɗa da ƙarfi yadda ya saba, har titi aka ji, hayaniya ta ɗauke ɗif.

Resham ta ɗora tafin ƙafa a ƙugun uwarta, ta lalubi wurin da dunduniya, ta danna, ta saki shuri ɗaya, gajere, ba irin nasa mai ban tsoro ba. Tsohuwa ta ce "Wayyo Allah!" Ta tsaya tana huci. Can sai ta saki katakon hagu. Ta saki na dama. Ba ta miƙe sak ba, tsakani da Allah, a ɗan karkace take, tana cije leɓe, amma a kan ƙafafunta take ba mai riƙe da ita. Ba ta waiwaya ba. Ta ɗaga labule da kanta ta fita, tana jan ƙafa, ta ratsa tsakar gida har zaure.

Me za a ji in ba kabbara ba! Titi ya kaure. Mata na guɗa, yara na dirowa daga katanga. Bebe Karmo ta dubi jikanta ta ce, "Puttar, yarona, ba direban nan gurasa da nono ya kama gabansa." Shafkat ya tsaya baki buɗe, sannan ya ruga ya rungume ubansa, wanda ya fito a bayanta da takalmi ɗaya, fuskarsa fari fat.

"Abba ji, ka yafe mini. Na yi rashin kunya."

Aka ja Ilam Din aka zaunar a gadon igiya a ƙofar gida. Wani ya kawo tukunyar taba, wani ya warware rawaninsa ya ɗora masa. Fika da kansa ya durƙusa ya kama ƙafar hagun da hannu biyu ya ɗaga ta sama yana nuna wa jama'a.

"Ku gani! Gani ya kori ji! Ni da ma na faɗa, ƙafar Putha ko ƙarfen jirgi ta shura sai ya miƙe! Ina masu cewa a leƙa kasko?"

Ilam Din ya sunkuyar da kai. Kowace kabbara sai ta sauka masa kamar mari. Ga sunansa ya dawo, ya ma fi da, gobe labari zai kai har Gujrat, amma shi ji yake kamar an tuɓe shi a kasuwa. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi, shekara hamsin da ɗoriya! Ya hango Resham ta fito da faranti cike da kofunan shayi, mayafi ya rufe mata rabin fuska, tana raɓawa ta gefen maza kamar kullum, ba wanda ya ko dube ta. Ya fizge ƙafarsa daga hannun Fika, ya miƙe tsaye ya ɗaga hannu.

"Jama'a, ku saurara. Akwai maganar da zan faɗa. Wannan aikin da kuka gani yau, wallahi ba..."

Bai ƙarasa ba. Resham ta yi tuntuɓe. Ta taka masa yatsun ƙafar hagu da dukkan nauyinta, faranti ya kife, shayi mai zafi ya wanke masa gaban riga, kofuna suka tarwatse a ƙasa.

Wuri ya fashe da dariya. Fika har da riƙe ciki. "Kai jama'a! Makauniyar ɓauna ta sake yi! Yau ma, ranar farin ciki? Putha ji, don Allah wata rana ka ɗan shuri ƙafafun nan nata ko sa daidaita!"

Kowa ya zuba ido yana jiran zagin da aka saba ji. Zagin bai zo ba. Resham ta durƙusa tana tsince fasassun kofuna a gindin ƙafarsa, shi ma ya durƙusa, abin da bai taɓa yi ba, ya kama tsincewa, hawaye na zuba a kan hannunsa. Mutane suka ɗauka zafin shayi ne.

Ya matso da bakinsa kusa da kunnenta, ya ce, "Reshme, 'yar'uwata, ni dai na..."

Ta ɗago da sauri ta dube shi, ido cikin ido, sannan ta kai dubanta zaure, inda Bebe ke tsaye a kan ƙafafunta tana amsa barka.

Ta ce, "Kul, Pa ji. Ba a godiya. Kai ka fi kowa sani."

Ta karɓe gutsuren kofin da ke hannunsa ta zuba a faranti, ta shige gida ta ɗora wani shayin.